Injin Da Ke Ɗebo Zafi Daga Cikin Sanyi: Larurorinsa Da Gyaransu

A ƙasashen arewacin Turai, inda hunturu ya kan yi wata biyar ko shida bai ɗaga ba, ruwan tafki ya daskare har mutum ya taka shi ya haye, babu abin da ya fi damun maigida kamar yadda zai ɗumama gidansa. Da can itace da kwal su ke ƙonawa, daga baya suka koma ga mai da gas. Yanzu kuwa akwai wani inji da ke ta maye gurbin waɗannan duka, wanda ba ya ƙona kome, ba ya hayaƙi, ba ya barin toka. A ƙasar Norwe kusan gida shida cikin goma da shi a ke jin ɗumi, a Suwidin da Finlan wajen huɗu cikin goma. A Amurka cikin 2022 an sayar da irinsa fiye da murhun gas. Gwamnatin Ingila ma tun 2022 ta fara taimakon wanda zai sa shi a gidansa da fam 5,000, cikin 2023 ta ƙara kuɗin ya kai fam 7,500. 'Yan'uwanmu da ke zaune can, masu karatu da masu aiki, da yawa sun kama hayar gida sun tarar da shi kafe a jikin bango, ba wanda ya yi musu bayaninsa.

Sunan da Turawa suka ba shi, in an juya shi da Hausa, shi ne famfon zafi, sunan kuwa ya dace. Kowa ya san ruwa gangare ya ke bi, in ana so ya hau tudu sai an sa masa famfo. To, haka zafi ya ke. Kullum daga abu mai zafi ya ke gangarawa zuwa abu mai sanyi, shi ya sa kokon kunu ke hucewa in an ajiye shi. Aikin wannan inji shi ne ya tilasta wa zafi hawan tudu, watau ya ɗebo shi daga waje inda a ke sanyi, ya shigo da shi ɗaki inda ya fi ɗumi.

Mai karatu zai ce, ina zafi a cikin iskar da ke daskarar da ruwa? Amsa ita ce akwai shi, da yawa ma. Masana sun auna sun gane zafi ba ya ƙarewa sarai a jikin abu sai an sauka digiri 273 ƙasa da sifiri. Abin da a ke bukata kawai shi ne a sami wani abu da ya fi iskar nan sanyi, zafinta zai gangara cikinsa da kansa. Saboda haka a ke zuba wani irin ruwa a cikin bututun injin, wanda masu gyara ke kira gas, mai tafasa tun yana digiri 40 ko 50 ƙasa da sifiri. A ɓangaren injin da ke waje, fanka na jawo iska ta bi ta kan bututun, ruwan nan ya sha zafinta ya tafasa ya zama tururi. Sa'an nan kwamfireso ya matse tururin. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bakin famfon kan yi zafi a hannu, to haka matsi ke sa tururin nan ya yi zafi ƙwarai. Daga nan ya shiga ɓangaren da ke cikin gida, ya saki zafinsa, ya koma ruwa, ya bi ta wata 'yar ƙofa matsattsiya inda ƙarfinsa ke faɗuwa ya sake yin sanyi, ya koma waje ɗebo wani. Haka ya ke zagayawa dare da rana. Da ya ke lantarki ba shi ke zama zafin ba, dako kawai ya ke biya, awo ɗaya na lantarki ya kan shigo da awo uku ko huɗu na zafi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin Biritaniya, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana ta cikin 1852. Ba a daɗe ba Peter von Rittinger ya yi amfani da ita wajen dafa gishiri a Ostiriya, kuma cikin 1938 aka ɗumama zauren majalisar birnin Zurik ta Suwizalan da zafin da a ke ɗebowa daga kogin Limmat. Mu ma nan muna da ita a gidajenmu ba mu sani ba, gama firji da na'urar sanyaya ɗaki duk wannan injin ne, sai dai su suna kwashe zafi daga ciki su zubar waje. In ka taɓa bayan firji ka ji ɗumi, zafin da ya kwaso daga cikin abincinka ke nan.

Na tsawaita wannan bayani don wanda ya riƙe shi ya riga ya san rabin gyaran. Tun da injin ɗan dako ne, yawancin larurorinsa toshewar hanya ce: ko iska ta kasa wucewa, ko ruwa ya kasa zagayawa, ko gas ya tsiyaye. Sauran ƙorafe-ƙorafen kuma, kashi mai yawa daga cikinsu injin lafiyarsa lau, mai shi ne bai san halinsa ba.

ABIN DA BA CIWO BA NE

Bari mu fara da abin da ya fi tsorata baƙo. Da asuba cikin hunturu sai ka ji injin ya yi wani huci kamar an sace iskar taya, fankar waje ta tsaya cik, farin hayaƙi ya turnuƙe daga jikinsa, ruwa na zuba ƙasa. Mutane da yawa sun kashe wuta sun kira mai gyara suna cewa inji ya kama da wuta, suka biya kuɗin ƙafa a banza. Ga abin da ke faruwa. Bututun waje ya fi iska sanyi, saboda haka raɓa na kwanta masa kamar yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firji, raɓar nan kuwa sai ta daskare. Abin mamaki, ba a ranar da sanyi ya fi tsanani ta fi taruwa ba. Ta fi yawa sa'ad da zafin gari ke tsakanin sifiri da digiri biyar, ga hazo da laima, irin yanayin Ingila ke nan. In an bar ƙanƙarar ta yi kauri za ta toshe wa iska hanya, don haka injin da kansa ya kan juya aikinsa na ɗan lokaci, ya tura zafi waje ya narkar da ita. Hucin nan ƙarar bawul ɗin juyawa ce, hayaƙin kuwa suraci ne. Ya kan yi haka bayan kowane rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, ya ɗauki minti biyar zuwa goma sha biyar, ya koma bakin aikinsa. Sai a bar shi.

Ƙorafi na biyu shi ne wai ba ya ba da zafi sosai. Mutumin da ya saba da tukunyar gas ya san lagireton ɗakinsa kan kai digiri 60 ko 70, ba ya taɓuwa. Ya zo ya dafa na famfon zafi ya ji shi ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri, sai ya ce an cuce shi. Alhali da gangan aka yi shi haka, ruwansa tsakanin digiri 35 da 45 ya fi so, gama duk yadda aka ƙara wa tudun tsawo haka ɗan dako ke ƙara cin lantarki. A Amurka, inda iska a ke hurowa cikin ɗakuna maimakon ruwa, iskar kan fito wajen digiri 32 zuwa 35. Jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 ne, don haka in ka tara hannu sai ka ji kamar sanyi ke fitowa, alhali ta fi ɗakin ɗumi nesa ba kusa ba. Hannu ba shi ne alƙali a nan ba. A rataye ma'aunin zafi a tsakiyar ɗaki, in ya kai inda aka ce ya kai, digiri 20 ko 21, shi ke nan, inji ya cika alkawari. Haka kuma kada a damu don an ji shi yana aiki sa'o'i da yawa bai huta ba ranar sanyi. Tafiyarsa irin ta raƙumi ce, sannu a hankali amma ba tsayawa.

ISKA DA ƘANƘARA

To, yanzu mu zo ga ciwon gaske. In ɗaki ya ƙi ɗumi, ma'auni kuma ya shaida haka, abin da za a fara dubawa shi ne mataci, watau rariyar da ke tare ƙura a ɓangaren cikin gida. Wannan ɗan abu mai araha shi ke jawo larura fiye da kowane sashe na injin. In ƙura da gashin kyanwa da zaren darduma suka like shi, iska ba ta wucewa, zafin da aka sha wahala aka ɗebo ya rasa mai karɓa, ƙarfin gas ya hau, injin ya kashe kansa don tsoron lalacewa. A zaro matacin a ɗaga shi wajen haske. In haske bai ratsa shi ba, iska ma ba za ta ratsa ba. Na roba a wanke shi da ruwa, a shanya a inuwa sai ya bushe sarai kafin a mayar. Na takarda ba a wanke shi, sabo a ke sawa, bayan wata ɗaya zuwa uku gwargwadon ƙurar gidan. Ya kamata a riƙa leƙa shi kowane wata. A kuma duba kada kujera ko labule su rufe bakin da iska ke fita.

Daga nan sai a fita waje. Ganyayen da suka zuba da kaka, da ciyawa, da leda, su kan manne a bayan injin inda siraran faifan ƙarfe su ke jere kamar haƙoran mataji. A kashe wutar injin tukuna, a share su da buroshi mai laushi, ko a kwarara ruwa a hankali. Kada a sa musu ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota, gama faifan nan ba su fi takarda kauri ba, da sun lanƙwashe sun toshe hanyar da a ke son buɗewa. A bar masa fili kamar ƙafa biyu a kewaye, gabansa kuma fiye da haka. Akwai masu ganin ya ɓata musu kyan gida, su kewaye shi da katako ko shuke-shuke har ya shaƙe. Sakamakon haka shi ne iskar da ya riga ya tatse ya fitar, mai sanyi ƙalau, ita zai sake shaƙa, kamar mai tatsar saniyar da aka gama tatsa.

Na ce 'yar ƙanƙara fara-fara mai zuwa ta tafi ba kome ba ce. Amma in ta lulluɓe injin gaba da baya, ta yi tauri, ta wuni ba ta narke ba, wannan kam larura ce. A fara da duba sama: sau da yawa indararon rufin gida ne ke ɗiga a kansa. A duba ƙasa kuma, ko dusar ƙanƙara ta binne ƙafafunsa, ko ramin da ruwan narkewa ke bi ya toshe, har ruwan ya taru ya daskare ya hau sama ya kama fanka. Saboda wannan ne a ƙasashen da dusa ke yawa a ke ɗora shi bisa ƙafafu masu tsawo. Maganin gaggawa shi ne a kashe injin, a kwarara masa ruwan ɗumi har ta sake. Ina gargaɗi da babbar murya, kada a sa wuƙa ko guduma ko sukudireba. Bututun jan ƙarfe ne mai laushi, huda ɗaya ta isa gas ya tsere duka, a je garin gyaran gira a rasa ido. Mu nan mun san firji nawa aka kashe da bakin wuƙa wajen ɓamɓarar ƙanƙara. In an share kome ƙanƙarar ta dawo kamar da, to, abin ya wuce maigida. Ko dai na'urar da ke jin sanyin bututu ta mutu, ko bawul ɗin juyawa ya maƙale, ko gas ya ragu, waɗannan kuwa sai mai sana'a.

RUWAN LAGIRETO

A Ingila da yawancin Turai injin ruwa ya ke ɗumamawa, ruwan ya zagaya cikin lagireto ko bututun da aka shimfiɗa ƙarƙashin daɓe. Irin wannan yana da 'yan larurorinsa na dabam. Akwai wani agogo mai allura da ke nuna ƙarfin ruwan, ya kamata allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 sa'ad da ruwan ya huce. In ta faɗi ƙasa injin kan ƙi tashi, sai a ƙara ruwa ta 'yar mesar da aka tanada don haka, a rufe ta sosai bayan an gama. In kuwa kowane mako sai an ƙara, akwai inda ya ke yoyo, a nemo wurin. Lagireton da ƙasansa ke da ɗumi samansa na sanyi, iska ce ta taru a ciki, da ɗan mabuɗi a ke kwance bakinsa har iskar ta gama fita ruwa ya biyo. Akwai kuma rariyar da ke tare tsatsa da laka a hanyar ruwan, wadda mai gyara ke wankewa in ya zo dubawar shekara.

Abu ɗaya da ya kamata matafiyi ya kiyaye. A wani samfurin, ruwan gidan har waje ya ke fita ya shiga cikin injin. In mutum zai zo ganin gida cikin hunturu, ya kashe wutar gidan duka don tsimi, ruwan nan na iya daskarewa ya fasa cikin injin, sai fa in an riga an zuba masa maganin hana daskarewa, ko an sa masa bawul mai zubar da ruwan in sanyi ya kai. A bar shi a kunne a kan lambar 'yan tafiya, gama abin da zai ci na wuta bai kai kuɗin sabon inji ba.

KUƊIN WUTA

Akwai gidan da ke da ɗumi lafiya lau, amma in takardar kuɗin wuta ta zo sai maigida ya riƙe baki. A nan yawanci ba abin da ya karye, hannun mai gidan ne ko na wanda ya kafa injin. Yawancin waɗannan injuna, musamman na Amurka, suna da wata waya mai jan wuta a ɓoye, irin ta hita ko dutsen guga, wadda aka ajiye don ranar da sanyi ya fi ƙarfin injin. Ita awo ɗaya na lantarki awo ɗaya na zafi ta ke bayarwa, watau kuɗinta ya ninka na injin sau uku ko fiye. Mutum ya shigo daga waje yana rawar ɗari, ya murɗa madaidaicin zafi daga 17 zuwa 24 gaba ɗaya, injin ya ga ba zai cim ma wannan da wuri ba, sai ya kira wayar nan taimako. Wani ma bisa kuskure ya kan danna maɓallin zafin gaggawa, ya bar shi haka har wata guda, injin na kwance waya na ta cin kuɗi. A duba fuskar madaidaicin, in alamar zafin taimako na kunne ranar da sanyi bai tsananta ba, akwai magana. Haka kuma hitar da ke cikin tankin ruwan wanka. Aikinta shi ne ta kai ruwan digiri 60 kamar sau ɗaya a mako don kashe ƙwayoyin cutar da ke haifuwa cikin ruwan ɗumi, amma a kan same ta a kunne kullum ba wanda ya lura.

A ganina babban kuskuren da a ke yi shi ne riƙon famfon zafi irin riƙon tukunyar gas: a kashe da safe in za a fita, a kunna da maraice a ce ya yi sauri. Wannan inji ya fi araha in an zaɓi lamba ɗaya an bar shi a kanta, ko a rage digiri ɗaya ko biyu kawai da dare. Yawancinsu ma suna da dabarar da ke auna sanyin waje, ta rage zafin ruwan lagireto ranar da gari ya yi sauƙi, ta ƙara ranar da ya tsananta. Sau da yawa mai kafawa ya kan bar wannan a kashe, ya ɗaure ruwan a digiri 55 don kada a kira shi da ƙorafi, maigida ya yi ta biya shekara da shekaru. Ya cancanta a tambaye shi a kan wannan musamman.

Wata larura kuma ita ce injin ya tashi, ya yi minti uku ko biyar, ya mutu, ya sake tashi, haka sau da yawa cikin sa'a ɗaya. Wannan na gajiyar da kwamfireso, wanda shi ne sashen da ya fi tsada, kamar yadda tsaya-tashi ke cinye mota. Wani lokaci mataci ne, wani lokaci an rurrufe lagireto da yawa a ɗakunan da ba a kwana, ruwa ya rasa inda zai kai zafinsa. Wani lokaci kuma an kafa madaidaicin ne kusa da murhu ko inda rana ke bugawa, yana ba injin labarin ƙarya. Amma in an duba waɗannan duka ba a sami kome ba, mai yiwuwa ne injin ya fi ƙarfin gidan. Mutane na zaton babba ya fi, su sayi wanda ya yi wa gidansu yawa, ba a zauna an lissafa zafin da kowane ɗaki ke zubarwa ta bango da taga ba. Tun ran gini ran zane. Irin wannan gyaransa da wuya, sai dai a rage masa kaifi da ƙarin tankin ruwa ko gyaran lambobinsa.

IN YA ƘI TASHI

In injin ya yi shiru ɗungum, a bi abin daki-daki kafin a kira kowa. A duba batirin madaidaici, a tabbata an sa shi a kan ɗumamawa, lambar da aka zaɓa kuma ta fi zafin ɗakin. A duba akwatin wutar gida da makunnin da ke kusa da injin a waje. A kuma yi haƙurin minti biyar, gama an yi shi da jinkiri da gangan don kada kwamfireso ya tashi ƙarfin gas bai daidaita ba. In makarin wuta ne ya faɗi, a ɗaga shi sau ɗaya. Ya sake faɗuwa, a bar shi, akwai abin da ya ke karewa. In wata lamba ta fito a fuskar injin, a rubuta ta kafin a kashe, domin ita ce za ta gaya wa mai gyara abin da zai riƙo. Bayan an daɗe ba wuta cikin sanyi kuma, littafin waɗansu injuna ya ce a bar su da wuta 'yan sa'o'i kafin a tashe su, don man kwamfireso ya yi ɗumi.

Kunne ma na taimako. Kwaramniya yawanci kusa ce ta kwance, ko tsinke ya faɗa cikin fanka. Gurnani ba tare da fanka ta juya ba alamar kafasita ce ta mutu, wannan kuwa ko an kashe wuta tana riƙe da ragowar da za ta iya jefar da mutum, kada a taɓa ta. Ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, ko warin waya na ƙonewa, a kashe nan take.

MAGANAR GAS

Akwai wata magana da ya kamata kowa ya sani, can da nan. Gas ɗin injin ba ya ƙarewa kamar man mota. A rufe ya ke, zagayawa kawai ya ke yi, zai iya shekara goma sha biyar bai ragu ba. In ya ragu, lalle akwai huda. Alamunta su ne zafi ya yi ta raguwa a hankali, ƙanƙara ta riƙa kama wani sashe na bututun ta bar wani, a ji tsaki siriri, ko a ga maiƙo a mahaɗar bututu, gama mai na fita tare da gas ɗin. Mai gyaran da ya zo ya ƙara gas ya karɓi kuɗi ya tafi bai nemi hudar ba, zuba ruwa ya yi a rariya, kuma zai dawo baɗi.

Wannan aiki ba na maigida ba ne ko kaɗan. Ƙarfin gas ɗin ya kan fi na tayar mota sau goma, in ya fesu a fata ƙuna ya ke yi irin ta sanyi. Doka ma a Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ta hana wanda ba shi da takardar shaida taɓa yawancin irinsa. Dalili kuwa, tsohon gas mai lamba R-22 yana cin rufin sararin sama da ke kare mu daga kaifin rana, shi ya sa ya shiga cikin waɗanda yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa a daina, Amurka ta hana yin sabonsa daga 2020. Wanda ya gaje shi, R-410A, bai taɓa rufin ba, amma kilo ɗaya nasa na ɗumama duniya kamar kilo dubu biyu na hayaƙin da injuna ke fitarwa, don haka aka sake zama a Kigali cikin 2016 aka amince a rage irinsa. Sababbin injuna R-32 ko R-290 su ke ɗauka, na biyun nan kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Mai tsohon inji na R-22 da ya fara yoyo, gara ya lissafa kuɗin sabo kafin ya zuba dukiya a gyara.

Mu da ke nan, ɗumama ɗaki bai dame mu ba sai ko 'yan makonnin hunturu a wurare irin su Jos, amma kusan duk abin da aka faɗa ya hau kan na'urar sanyaya ɗaki da firji, sai dai a juya shi. Abin da dusar ƙanƙara ke yi musu can, ƙurar hunturu ke yi mana nan: ta like mataci, ta toshe faifan waje, ta yadda in bazara ta zo na'urar za ta yi ta kuka ba sanyi, a ce gas ne, alhali wanki ta ke so. Ruwan da ke ɗiga cikin ɗaki yawanci mesar fitar da ruwa ce ta toshe. Firji kuma a janye shi daga bango kamar tafin hannu, a share ƙurar bayansa, kada a ajiye shi kusa da murhu. Abin da muka fi su fama da shi shi ne wuta mai rauni da yawan ɗaukewa, gama kwamfireso in bai sami cikakken ƙarfi ba sai ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. In an ɗauke wuta a kashe makunninsu, in an kawo a dakata minti biyar a ga ta zauna, sa'an nan a kunna.